Ceton masana'anta da babu mai saye

Jama'ar Damagaram,

Da yawa cikin motocin Peugeot 504 da suka daɗe suna kai mu Kano, a Kaduna aka harhaɗa su. Masana'antar PAN ta soma aiki a 1975, gwamnatin Najeriya ce babbar mai saye. An sayar wa ɗan kasuwa a 2006, bashin banki ya danne ta, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012. An ɗauke bashi, ba a dawo da masu saye ba. Faransa kuwa, da ta zuba Yuro miliyan 800 a PSA a 2014, tare ta shiga da Dongfeng, domin kasuwar Sin.

Ina masu sayen Kaduna suka koma? Ga tsofaffin motocin Kwatano, da suka riƙa ratsa ƙasarmu. Ƴan kasuwarmu sun ci riba, duwan ta karɓi kuɗin fito.