Wasan Yara Ba Sai da Kuɗi Ba



Yawancinmu mun tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan tuwon dare, da langa da gaɗa a farin wata, da motar kara. Ko kwabo iyayenmu ba su kashe ba, amma can muka koyi magana da haƙurin shan kaye.

Gobe za mu tare a gidajen ma'aikata, nesa da kaka. Wa zai yi wa 'ya'yanmu tatsuniya? In muka bar wa talabijin da waya, za su tashi baƙi a harshensu. Wanda ya manta, ya nemi littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Rabin sa'a bayan isha'i ta wadatar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wassalam.