Wankin Mota da Kiwonta a Gida

 Yau za mu yi magana a kan wankin mota da yadda a ke kiwonta a gida. Mun san wani zai ce, ina ruwan mai jaki da zancen mota? To, mu duba garuruwanmu. Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da mota ko guda, ko ta haya mai zuwa kasuwa, ko a-kori-kura mai kwasar hatsi. Wata mutum ɗaya ya saya, wata kuwa 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗi, aka sayar da shanu, har aka ci bashi. In ta lalace, ba mai ita kaɗai ke kuka ba, gama ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Samarinmu kuma da yawa yaran mota ne, waɗansu sun tafi birni suna cin abinci da wankin mota. Yawancin abin da za mu faɗa ya shafi babur da a-daidaita-sahu ma.

Mu fara da fenti. Mutane suna tsammani fenti ado ne kawai. Ba haka ba ne. Jikin mota fallen ƙarfe ne marar kauri, fenti kuwa shi ne fatarsa. Hawa hawa a ke yinsa. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sa'an nan a motocin yanzu akwai na sama wanda ba shi da launi, shi ne mai ƙyalli. In aka haɗa su duka, kaurinsu bai fi na takardar littafin nan guda ko biyu ba. Ku taɓa takardar ku ji. Wannan ɗan abu shi kaɗai ke tsakanin ƙarfe da ruwa. In ya kankare, ruwa da iska su sami ƙarfe, sai tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa ba ta tsayawa inda ta fara, ta ƙarƙashin fenti ta ke bi tana ci, kamar gara a azara.

Babban abokin gaban fenti a ƙasarmu ƙura ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga hamada, yawancinta daga wani busasshen kwari a ƙasar Cadi da a ke kira Bodele. A ido kamar gari ta ke, amma akwai ɓarɓashin yashi a ciki, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. To, ga abin da mu kan gani kullum da safe: yaron mota ya ɗauko busasshen tsumma, ya bi mota yana goga da ƙarfi don maigidansa ya ga ƙoƙarinsa. Bai sani ba kankare ta ya ke yi. In kuka dubi irin wannan mota cikin rana, za ku ga zane-zane ƙanana zagaye kamar yanar gizo. Aikin tsumman nan ne. In babu ruwa, gara a bar ƙurar a kanta, ko a kaɗe ta sama sama, da a goge. Haka kuma yaran da ke rubuta sunansu da yatsa a jikin mota mai ƙura. Muna murna sun iya rubutu, amma a ba su allo.

In za mu yi wanki, mu zaɓi lokaci. Da sassafe ko da yamma, cikin inuwa, sa'ad da ƙarfe ya huce. In jikin mota ya yi zafi, ruwa da kumfa su kan bushe kafin a ɗauraye, su bar tabo fari fari, balle ruwan rijiyar da ke da zartsi.

Mu tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Da farko a watsa wa motar ruwa ko'ina, ba tare da an taɓa ta ba, don ƙura ta jiƙa ta gangara. Sa'an nan a tsoma soson katifa mai laushi, ko tawul mai laushi, cikin kumfa, a fara daga rufi. Daga sama a ke yowa ƙasa, domin ƙasan mota shi ya fi datti, ba mu so mu kwaso yashinsa mu kai sama. In an wanke wuri kaɗan, sai a tsoma soson cikin bokitin ruwa zalla, a matse, yashi ya zauna a gindin bokiti, kana a koma ga kumfa. Amfanin bokiti na biyu ke nan. Wanda ke wanki da bokiti ɗaya, kafin ya kai rabi ya koma wanke mota da ruwan yashi. In soso ya faɗi ƙasa, kada a mai da shi jikin mota sai an wanke shi sarai. Ƙafafu su ne na ƙarshe, da nasu tsumman dabam. Mai lura ya kan gama ƙaramar mota da jarka biyu, ba sai an ƙarar da ruwan gida ba.

Soson wanka na yaɗo, da soson buhu, da soson ƙarfe na wanke tukunya, duk ba su da wuri a nan. Sabulu kuma mu lura da shi. Garin sabulun wanki, wanda mu ke ce wa omo, an yi shi ne don ya cinye maiƙo a tufa. A jikin mota sai ya cinye kakin da aka shafa, in an dinga yi kuma roba ta yi fari, fenti ya dushe. Akwai sabulun ruwa na mota a shagunan kayan mota, murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti. In ba a samu ba, motar da ƙura ce kawai a kanta ruwa zalla ya ishe ta. Bayan ɗauraya a tsane ta da tawul mai tsabta, kada a bar wa rana.

Ina za mu yi wankin? Ba bakin rijiya ba, ba cikin tafki ba, ba cikin rafi ba. Mun sha ganin direbobi sun tura mota cikin ruwa har rabin taya suna wanki, ga mata can ƙasa kaɗan suna ɗibar na sha, ga shanu suna sha. Baƙin mai da giris da ke zuba daga mota su kan shimfiɗu a kan ruwa, ɗan kaɗan ya ɓata mai yawa. Mai wankin kansa bai tsira ba, gama tsayawa cikin ruwan tafki ita ce hanyar kamuwa da tsargiya. Birkin da ya jiƙa kuma ba ya kamawa sosai sai ya bushe. A ɗebo ruwa a kai gida, a yi wanki inda ƙasa za ta shanye, nesa da rijiya.

Yanzu sai zancen kaki. Mun san kakin zuma, mun san dukawa suna shafa wa zare don kada ruwa ya ci shi. To, mota ma akwai nata. Yawancin na gwangwani ana haɗa shi da kakin ganyen wata bishiya mai kama da giginya, sunanta karnuba, a arewa maso gabashin Barazil ta ke fitowa. An zaɓe shi don taurinsa. Kakin zuma ya kan narke in zafi ya kai wajen digiri 63, na karnuba kuwa sai ya wuce 80. Rufin baƙar mota a ranar bazara yana iya wuce zafin da kakin zuma ke narkewa, shi ya sa namu na gida ba zai yi ba. Akwai kuma na zamani da a ke haɗawa a masana'anta, ya kan fi daɗewa a jiki. Aikinsu ɗaya ne, watau su zama riga a kan fenti, rana da ruwa da datti su ci rigar, su bar fata.

Ba a shafa kaki sai mota ta wanku ta bushe, cikin inuwa. A ɗiba kaɗan a kan soso mai laushi, a shafa siriri, ƙofa ɗaya ɗaya. Yawansa ba ya ƙara kome sai wahalar gogewa da asarar kuɗi. A dakata har ya yi hazo hazo. A ja yatsa a kai, in wurin ya fito fes to ya yi, sai a goge da tawul busasshe mai tsabta. Kada ya taɓa baƙar roba, ya kan bar mata farin tabo, kada kuma a sa wa gilashin gaba. Sau ɗaya a wata biyu ko uku ya isa. In muna so mu san ko yana nan, mu zuba ruwa a kan bonet. In ruwan ya dunƙule ɗigo ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, kaki yana nan. In ya shimfiɗu, ya ƙare. Lokacin da ya fi kyau shi ne gab da damina, da kuma gab da hunturu.

Wajen saye mu karanta gwangwani, ko mu tambayi mai shago, domin mutane duk folish su ke ce musu, alhali iri biyu ne. Akwai kaki, akwai kuma mai goge dushewa. Shi na biyun yana da ɗan ƙaiƙayi, yana cire fenti kaɗan kaɗan ne don na ƙasa ya fito da ƙyalli. Sau ɗaya a shekara ba laifi. Wanda ya mai da shi na kowane mako, wata rana zai tarar da ƙarfe. Masu shafa gas ko kananzir don mota ta yi walƙiya kuwa, ƙyallin na wuni ɗaya ne, sai ƙura ta manne, roba ta lalace. Man birki ya fi su duka sharri, in ya ɗiga a fenti a wanke nan take da ruwa, gama ya kan ɗaye shi.

Inuwa tana da kyau, amma ba kowace ba. Gindin mangwaron da jemagu ke kwana, ko bishiyar da balbelu ke sauka, ba wurin ajiye mota ba ne. Kashin tsuntsu yana da tsami mai cin fenti, in rana ta gasa shi kwana ɗaya ko biyu sai ya bar tabon da ba ya fita. In mun gani, mu ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai ya yi laushi, mu ɗauke, kada mu kankare da farce. Rumfar kara ko ta zana ta fi gindin itace, ga shi ba ta da tsada. A kuma tare awaki, don sun fi kowa son hawa bonet.

Abin da ido ba ya gani shi ya fi kashe mota. Da damina laka ta kan cushe a saman ƙafafu da ƙarƙashin bodi, ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. A sa ruwa da sanda mai tsumma a fitar da ita. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ƙananan huda inda ruwa ke fita, a zura tsinke a buɗe su. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba, in ta jiƙa a shanya. Motocin da mu ke saya yawancinsu sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin su zo. A can a kan watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, saboda haka wata tun kafin ta iso tsatsa ta fara cin cikinta. Mu kuma sai mu ɗora mata takin zamani, da gishiri, da tumaki masu fitsari, waɗannan kuwa duk suna cin ƙarfe. A shimfiɗa leda ko tamfol kafin a yi lodi, a wanke bayan an sauke. Hatsin da ya zube a share shi tsaf, don shi ke kiran ɓera, ɓera kuwa in ya shiga ba ya barin waya.

Inji ba a kwarara masa ruwa, balle yana da zafi. Motocin yanzu cike su ke da wayoyi da na'ura, ruwa kaɗan ya shiga inda bai kamata ba sai ta ƙi tashi. A goge da ɗanyen tsumma ya isa. Amma tun da an buɗe bonet, a zaro sandar awon baƙin mai a duba, a duba ruwan lagireto, a duba kan batir ko ya yi farin gari. Murfin lagireto kada a kuskura a buɗe shi sai inji ya huce sarai. Ruwan ciki ya fi tafasasshe zafi, ya kan yi tsalle ya sami fuska.

Ga wani abu da ba mu so kowa ya manta. In an gama wanki, a leƙa ciki, a rufe mota, a kulle, a ɗauke makulli. Yara su kan shiga wasa su ja ƙofa, su kasa buɗewa. Mota rufaffiya cikin rana ta kan zama kamar tanda cikin ɗan lokaci kaɗan, an kuwa yi asarar yara ta haka a ƙasar nan ba sau ɗaya ba. In yaro ya ɓace a unguwa, a fara duba motocin da ke ajiye, har da matattu.

Saura taya. Sa'ad da mu ke wanke ta, mu duba ko ta tsage, ko ta yi ƙulu a gefe, ko zanenta ya cinye. Awon iskar da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a nuna wa mai faci, kada a bar shi ya auna da dukan ƙarfe. Taya kuma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai haruffa DOT, a ƙarshen layin akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Roba tana tsufa ko ba a mora ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufanta. Manyan masu yin taya sun ce in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta kome kyaun zanenta. Mai sayar da tsohuwar taya zai shafa mata baƙi ta yi kamar sabuwa, amma lambar tana nan ga wanda ya iya karantawa.

Kafin haɗuwarmu ta mako mai zuwa, kowa ya sami motar da ke kusa da shi, ya nemi izinin mai ita, ya kwafo lambobin nan huɗu na kowace taya a littafinsa. Malamin aji zai rubuta su a allo, mu lissafa shekarun kowace tare.