Hunhuna a Makewayi: Laifin Ruwa Ne ko Namu?



Mun san wasu za su yi mamakin cewa a zauren da aka saba jin batun siyasa da tattalin arziki, yau zancen makewayi muka kawo. To, a gafarce mu. Yawancinmu ɗalibai a ɗakunan kwana na bene muke zaune, ku kuma yayyenmu da kuka kama aiki kuna haya a tsofaffin benaye irin na Fagge da Sabon Garin Kano, ko Tudun Wadar Zariya, ko Gusau. Da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa ɗaga kai wajen wanka ya ga baƙin tabo ya mamaye kusurwar silin ba, ga kuma wari irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Wannan tabo shi ne hunhuna, wasu su ce fumfuna, kuma shi muke so mu duba yau.

Da farko, mene ne shi? Hunhuna abu ne mai rai, dangin wanda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana uku ko burodin da aka manta a leda. Yana hayayyafa ta wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, masu yawo a iska ko da yaushe. Babu gidan da babu su, kuma babu mai iya kore su. Abin da suke jira kawai shi ne danshi. In bango ko katako ya zauna a jiƙe na sa'a 24 zuwa 48, ya ishe su su fara tsiro. Abincinsu kuwa ba wuya: ƙura, da kumfar sabulu da ta bushe, da katako, da allon silin. Watau ke nan duk inda muka ga hunhuna, akwai ruwan da ya rasa hanyar fita. Ruwa ba ya tsami banza.

Me ya sa abin ya fi yawa a tsofaffin benaye? Mu tuna gidajen da muka tashi a cikinsu a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Makewayi yana can ƙarshen gida, ba rufi a kansa, ruwa ya bi rariya ya fita, rana ta busar da sauran kafin azahar. Iyayenmu ba su karanta kimiyya ba, amma sun bar wa rana da iska aikinsu. Da aka zo gina benaye a birane sai aka shigo da makewayi tsakiyar gini, aka rufe shi da siminti, aka bar masa 'yar taga kamar tafin hannu, aka binne bututun ƙarfe a cikin bango. Ginin da aka yi a shekarun 1960 ko 1970 ya kai shekara 50 ko ya haura. Bututun ya yi tsatsa yana tsiyaya a ɓoye, daɓen makewayin sama ya tsage yana zubo wa na ƙasa, indararo ya toshe ruwan damina yana bin bango. Daɗa ga cunkoso: wurin wankan da aka yi domin iyali ɗaya, mutum 20 ke bin layi a kansa, bai taɓa samun sukunin bushewa ba. Lokacin marka, wajen watan Agusta, abin ya fi ƙamari. In hunturu ya shigo sai tabon ya dushe, mu ɗauka ya tafi, alhali kuwa kwanto ya yi.

Wani zai ce, to in ban da muni, ina illarsa? Illarsa tana cikin numfashi. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji musamman a kan danshi da hunhuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan gine-gine sun fi fama da tari, da shessheƙa, da tashin ciwon asma. Akwai kuma wani nau'in hunhuna da likitoci ke kira Aspergillus, wanda kan sami mazauni a cikin ramukan da tarin fuka ya bari a huhu, har a yi zaton tsohon ciwon ne ya dawo. Yara ƙanana, da tsofaffi, da waɗanda wata cuta ta raunana, su ne suka fi shan wahalarsa.

Kada mu ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a garin Rochdale na Ingila. Binciken da aka kammala a watan Nuwamba na 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar hunhuna a gidan hayarsu ne ya yi ajalinsa. Mahaifinsa ya kai kuka tun 2017, amsar da ya samu ita ce ya shafa fenti a kai. Mutuwar yaron nan ta sa a 2023 aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta ɗora wa masu gidajen haya na jama'a wa'adin da tilas su gyara irin wannan ɓarna a cikinsa.

Mu mutanen yammacin Zamfara ba ma bukatar zuwa Ingila kafin mu gane cewa gida na iya zama wa mai shi guba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Sunke, da Dareta, da Abare, da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma da hunhuna ba ɗaya suke ba, kuma ba mu kwatanta girman musibarsu. Amma akwai darasi guda. Likitocin ƙungiyar MSF sun nace cewa ba amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ya sa masa ciwon, don haka sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa. Haka mai tari yake in ya sha magani ya koma ɗakin da bangonsa ke jiƙe.

To, ina mafita? Abu na farko, a nemo inda ruwan ke fitowa. In tabon na silin ne, a hau sama a dubi makewayin maƙwabci. In ya bi layi ɗaya a bango, a zargi bututu. In a kusurwowi yake kawai, galibi tururi ne da rashin iska. Sai an toshe wannan kafa sannan wanki zai yi amfani, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, wanki. In tabon bai wuce faɗin mita 1 ba, mu ma za mu iya. A buɗe ƙofa da taga, a sa safar hannu, a rufe hanci da baki, a goge da buroshi da ruwan sabulu. Wanda ke son ƙarawa da bilic, kofi 1 ya isa ruwa lita 4. Muna gargaɗi da babbar murya: kada a gauraya bilic da wani maganin wanke masai, domin haɗin na tayar da iska mai guba. Kada kuma a kankare hunhuna a bushe, ƙwayoyinsa ne za su tashi a shaƙa. Allon silin da ya jiƙe ya ruɓe ba ya wankuwa, cire shi ake yi a sa sabo. Shafa fenti a kan jiƙaƙƙen bango kuwa gyaran gangar Auzinawa ne, kafin damina ta gaba zai kumbura ya ɓare.

Na uku, halinmu na yau da kullum. Wanda ya gama wanka ya share ruwa zuwa rariya, ya bar taga a buɗe. Kada a toshe tagar da kwali saboda sauro, a sa mata waya. A shanya tawul da wanki a rana, a daina rataya su a bayan ƙofa. Ba ko kwabo da waɗannan za su ci.

Amma gaskiyar magana, Malam Shugaba, babban abin da ke renon hunhuna shi ne cewa makewayin tarayya ba shi da uba. Ɗan haya ya ce aikin mai gida ne, mai gida ya ce ƙazantar 'yan haya ce, ɗalibi ya ce na hukuma ne. Iyayenmu suna ba da labarin zamanin da dubagari ke shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, ana shakkarsa kamar ɗan doka. Mu da muka yi karatu bai kamata sai an tsorata mu ba. Saboda haka muna ba da shawara kowane bene ya tsara jadawalin wanki, a kuma zaɓi mutum ɗaya mai kai rahoton yoyo. Rahoton ya zama a rubuce, da kwanan wata, a ajiye kwafi, domin kukan baki iska ke ɗauke shi. Mai neman haya kuma ya dubi makewayi kafin ya dubi falo, ya taɓa bango, ya ji wari, in so samu ne da damina.

Ku kuma yayyenmu, fayil ɗin gyaran gidajen Gwamnati ta teburinku yake bi, gobe kuma ta namu zai bi. In aka kawo muku takardar neman kuɗin fenti, ku tambaya ko mai gyaran famfo ya riga ya shiga. Tambayar nan guda za ta tsare dukiyar jama'a, ta kuma tsare ƙirjin yaran da ke kwana a gidan.