Kashin Shanu Ma Dukiya Ne: Daga Gonar Inabi a Faransa Zuwa Kasuwar Bogo

Yau hirarmu a kan wani abu ne da saniya ke ba mu kullum, amma ba dillalin da ke yi masa kuɗi ranar Alhamis a kasuwar shanun Bogo. Ana sayen nama, ana sayen nono, ana sayen fata. To kashin fa?

Bari mu fara daga nesa, sannan mu dawo gida.

A yammacin ƙasar Faransa, a bakin kogin Luwar, kusa da birnin Anje, akwai wata 'yar gonar inabi mai suna Coulée de Serrant. Girmanta hekta 7 ne kacal, kuma tun shekarar 1130 ake noman inabi a cikinta. Giya suke yi da inabin, wannan kuwa sha'aninsu ne, ba shi ya kawo mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda suke riƙon ƙasa. Mai gonar, Nicolas Joly, ya yi aikin banki a Amurka da Ingila kafin ya koma gonar iyayensa. Da farko ya bi hanyar da kowa ke bi, wato takin zamani da feshin maganin ciyawa. Sai ya lura ƙasar tana taurarewa, ƙananan halittun cikinta suna ɓacewa. Daga 1980 ya fara sauya hanya, zuwa 1984 gonar gaba ɗaya ta rabu da waɗannan magunguna. Me ya sa a madadinsu? Shanu. Ya ajiye garke domin takinsu, yana huɗa da doki a inda gonar ke da gangare.

Wannan salon noma suna ce masa biyodinami. Asalinsa wasu laccoci ne guda 8 da wani ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Steiner, ya yi wa manoma a 1924. A cikinsa akwai abin da zai ba kowane Bafulatani dariya. Sukan ɗauki ƙahon saniya su cika shi da ɗanyen kashinta, su binne a ƙasa tsawon lokacin sanyi, kamar wata 6. Idan sun tono, sai su ɗebi kamar giram 100, su dama cikin ruwa na awa guda, su yayyafa wa hekta ɗaya. Suna kuma duba tsayuwar wata kafin su yi shuka ko sassabe.

To, a nan sai mu faɗi gaskiya. Maganar ƙaho da ta wata, masana aikin gona da yawa ba su gamsu ba, domin gwaji bai nuna a fili cewa su ne ke kawo amfanin ba. Amma taki, da ruɓaɓɓen ganye, da barin dabba ta zauna a gona, wannan kam ba mai musu a kai. Ƙasar da ta sha takin gargajiya tana riƙe ruwa, tana laushi, tsutsa da gara suna buɗe mata hanyoyin iska. Kuma Bature ya san yadda zai mai da wannan kuɗi. Akwai tambarin shaida mai suna Demeter da ake manna wa irin waɗannan kaya tun 1928, mai saye ya gani ya ƙara farashi da son ransa.

Yanzu mu dawo Diyamare. Baffa, ashe ba abin da kakanninmu ke yi ba ke nan, ba tare da tambari ba? Bayan girbi manomi ya kira makiyayi, shanu su kwana a gonarsa sati biyu ko uku, su ci karan dawa da harawa, su bar masa taki. Wani ya ƙara wa makiyayin da damin hatsi, matan ruga kuma su sami masu sayen nono a ƙauyen. A kewayen Kano, shekaru aru-aru jakuna ke fitar da taki daga cikin birni zuwa gonaki, shi ya sa ake noma gona ɗaya kowace damina ba ta mutu ba. Ita ma masakwa da ake dasawa a karal, wato ƙasar laƙa mai tsagewa, daga Satumba zuwa Oktoba a girbe ta wajen Fabrairu, da danshin da ƙasa ta ɓoye take rayuwa, ba ban ruwa. Kararta kuwa ita ke riƙe shanu da yawa a tsakiyar rani.

Me ya canja? Mutane sun ƙaru, gonaki sun cinye burtali. Manomi ya sayi shanun huɗa, yana kwashe kara ya kai gida ko ya sayar. Kamfanin auduga na Sodecoton, da aka kafa a 1974 mai hedkwata a Garwa, ya saba wa mutane da karɓar takin zamani bashi a biya bayan an auna auduga. A karal ma feshin maganin ciyawa ya maye gurbin sara da ƙonawa. Ya rage wahala, gaskiya ne, amma ciyawar da aka kashe ai abincin wata dabba ce. A haka manomi ya daina ganin makiyayi a matsayin mai kawo taki, ya koma ganinsa mai kawo ɓarna. Daga nan sai ƙara gaban lawan, sai tara, wani lokaci har jini.

Sai ga 2022, yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara wa takin zamani tsada a duniya baki ɗaya. Wanda ya saba zuba buhu biyu ya koma ɗaya, wani ya haƙura. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Saniya matsakaiciya tana ba da kusan tan ɗaya na busasshen kashi a shekara. Ka lissafa garke mai kai 50, ko da rabin kawai ya zuba a makwanta. Wannan ba shara ba ce, jari ne.

Ga shawarwari huɗu.

Na farko, makiyayi ya shiga gona da yarjejeniya, ba da dare ba. A zauna gaban jauro ko lawan, da arɗo a gefe, a faɗi kwana nawa, shanu nawa, ina za su sha ruwa, me za a ba da. Abin da aka faɗa gaban shaidu ba ya zama rigima.

Na biyu, kada a bar taki a rana yana ƙonewa. A tara shi a rami ko ƙarƙashin inuwa, a haɗa da ragowar kara da toka, a ɗan yayyafa ruwa, a juya lokaci-lokaci. In ya ruɓe, ƙwayar ciyawar da ke ciki ta ragu, kuma ba ya ƙona shuka.

Na uku, a yi hattara da allurar tsutsa irin ivermectin. Tana fita cikin kashi, tana kashe buzuzu, shi kuwa buzuzu shi ke binne kashin cikin ƙasa. A yi allura bisa shawarar likitan dabbobi, ba duk wanda ya buɗe jaka a kasuwa ba. Galan ɗin maganin feshi kuma, don Allah kada a zuba nono ko ruwan sha a ciki, ko an wanke shi sau goma.

Na huɗu, naku ne 'yan kasuwa. Mai sayen albasar Marwa ya tambayi yadda aka noma ta, domin wadda aka cika wa yuriya ba ta daɗewa a ajiya, a hanya take fara ruɓewa. Wanda kuma ke mafarkin sayar wa Turai kaya da sunan "biyo", ya sani sai gona ta yi shekara 2 ba maganin zamani in shukar shekara ce, 3 in itace ne, sannan masu bincike su zo su ba da takarda. Baki kaɗai ba ya isa.

Ba mu ce a jefar da takin zamani ba. Yana aiki, kuma ya fi aiki a ƙasar da ta riga ta sha takin shanu. Abin da muke cewa, manomi da makiyayi kowa na riƙe da abin da ɗayan ke nema, ɗaya kara, ɗaya taki. Kafin shanu su gangara Yayre bana, a zauna a yi ciniki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garke da hanya. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.