Hukuncin Nasara da Kuskure a Rubutun Manhaja



Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon aiken kuɗi nan Sae Sabuwa, yana jiran jika goma da ɗan uwansa ya turo daga Maraɗi ko Yamai, ya san amsar da mai shago zai karanto masa ba ta wuce biyu: ko dai kuɗi sun iso, ga lambar shaida, ko kuwa ba su iso ba, ga dalili. Mas'alarmu ta yau ita ce yadda marubucin manhaja zai ɗora wa kwamfuta wannan rarrabewa, ta yadda ba za ta karɓi ɗaya a matsayin ɗayar ba.

A da, idan aiki ya faskara, sai manhaja ta mayar da wata alama ta wofi mai suna null, wadda a zahiri ba ta da bambanci da amsa ta ƙwarai, har sai an zo amfani da ita komai ya rushe. Tony Hoare, malamin Ingila da ya shigar da ita harshen ALGOL W a 1965, shi da bakinsa ya ƙiyasta ɓarnarta da dalar Amurka biliyan guda, a wata lacca a Landan a 2009.

Magani ya fito daga Jami'ar Edinbara cikin shekarun 1970, harshen Haskell ya gaje shi a 1990, harshen Rust kuma, wanda tsayayyar sigarsa ta farko ta fito a 2015, ya kai shi kasuwa. A Rust sakamako nau'i ne mai fuska biyu, Ok mai ɗauke da abin da aka nema, da Err mai ɗauke da illar da ta hana. Ana jingina irin wannan nau'i ga aljabara domin adadin halayensa jimla ce, na nasara a tara da na kuskure. Hikimar kuwa, tafintan da ke juya rubutu zuwa harshen na'ura ba ya yarda marubuci ya taɓa kuɗin da ke cikin Ok sai ya faɗi hukuncin Err, in ya tsallake fuska guda rubutun ba zai wuce ba. Almajiran usulul fiƙihu za su ga kamarsa da sabru da taƙsimi, inda ake ƙididdige dukan wajajen mas'ala kafin a yanke hukunci.

Sai dai fa tafinta yana tsare abin da aka lissafa masa ne kawai. A ƙauyukanmu na Gidan Rumji, Agye da Gazawa, inda rezo kan ɗauke ana tsakiyar aike, akwai hali na uku, wato shubuha: kuɗi sun fita, tabbaci bai dawo ba. Wanda ya cusa wannan cikin Err, manhajarsa za ta sake turawa, a cire wa bawan Allah jika ashirin maimakon goma. Wajibi ne a ba shubuha fuskarta daban, tare da lambar aiken, domin a tambayi uwar na'ura kafin a maimaita.