Amsar Wasiƙunku: Farar Tumfafiya Ba Ta Shiga Kasko

Yau wasiƙu biyu za mu haɗa, don kuwa a kan abu ɗaya suke. Wani manomi daga Maiyama ya ce ya ga wata fara rawaya mai zane-zane a gefen gonarsa, wadda bai taɓa ganin irinta ba, yana tambaya ko 'yar aiken farar dango ce, ya sayo maganin feshi. Wata baiwar Allah kuma mai sayar da soyayyar fara a Jega ta ce ta tsinci guda biyu a cikin buhun da aka kawo mata.

To, Malam, mai da kuɗinka aljihu. Yadda ka kwatanta ta, farar tumfafiya ce. Tsawonta kamar ɗan yatsa, macen ta fi namijin girma. Jikinta rawaya ne da ɗigo-ɗigo da zane masu duhu, kamar an yi mata rubutu da tawada, kanta kuma ya yi tsini ta sama. Ga ta da nauyin jiki. Ka matso kusa, ba za ta tashi fir kamar babe ba, sai dai ta zagaya bayan reshe. Ana samunta a ƙasashen bakin hamada, tun daga Senegal har Sudan, amma ba ko'ina ba, sai inda tumfafiya ko fatakka suke: tsofaffin gonaki, bakin hanya, ƙasa mai rairayi. Shi ya sa mutum zai shekara yana noman albasa a Aliero bai yi arba da ita ba, alhali tana nan a kan tumfafiyar bayan gari.

Na san abin da ya tsorata ka. Farar dango ma idan ta ƙosa rawaya take zama, kuma wanda ya ji labarin ɓarnar da ta yi a 1988, ko wadda ta yi wa maƙwabtanmu na Nijar a 2004, dole gabansa ya faɗi. Amma dango runduna take zuwa, har ta rufe rana. Idan ka ga haka, garzaya wurin malamin gona. Wannan kuwa ɗai-ɗai take, abincinta ganyen tumfafiya, ba geronka ba.

Ke kuma Hajiya, taki maganar ta fi nauyi. Farin ruwan nan na tumfafiya akwai dafi a cikinsa mai taɓa zuciya. Farar nan tana cin ganyen bai kashe ta ba, sai ta tara dafin a jikinta. Idan an kama ta, takan feso wani ruwa mai wari daga bayanta. Adon nan da ta sha gargaɗi ne ga tsuntsu da ƙadangare cewa a yi nesa. Kada ki dogara da cewa tafasa ko suya za su gyara ta. Ki baje buhun a tabarma da rana, ki tsince duk mai zanen nan, ki binne, kada ki watsa wa kaji. Mai kawo miki ma ki gaya masa ya daina kamu a kan tumfafiya.

Iyaye kuma a ja wa yara kunne, don kyanta ne ke jan su. Wanda ruwanta ko na tumfafiya ya shiga masa ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, kada a murza, a kai shi asibiti nan take.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.