Ɗa'a ko Ɗabi'a: Wane Suna Za Mu Ba Shi?

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, Dirin Daji, Ƙaramar Hukumar Sakaba



Maganata a yau kan suna ce: yadda ya kamata mu kira mutumin da Turawa ke ce wa ethicist, wato wanda ya ƙware wajen tantance abin da ya dace da wanda bai dace ba a ayyukan mutane. Irinsa ake zaunarwa a kwamitin asibiti kafin a yarda a gwada sabon magani a jikin jama'a. Rikicin da ya biyo bayan gwajin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya isa shaida kan nauyin aikinsa.

Yawancinmu kan ce "masanin ɗa'a", domin kunne ya saba da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata a rediyo. Sai dai ɗa'a ta fito daga Larabci, asalin ma'anarta kuwa biyayya. A nan gizo ke saƙa. Idan na gaba da kai ya umarce ka da ka rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawar shiga sakandare, biyayya za ta ce ka ɗauki alli. Masanin da muke magana a kansa kuwa zai fara tambaya: shin umarnin kansa daidai ne? Wa za a cuta? Yaron da ya shiga aji ɗaya bai iya karanta sunansa ba, shi za a cuta.

Saboda haka na fi karkata ga "masanin kyawawan ɗabi'u". Ma'aunin da zai yi aiki da shi ba baƙo ba ne gare mu. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, daga ciki akwai gaskiya da amana da adalci da mutunci. Masallaci da coci duk sun amince da su.

Ina roƙon reshe ya riƙa amfani da wannan suna a rubuce-rubucensa, mu kuma koya wa ɗalibanmu bambancin kalmomin biyu. Ɗa'a na da muhallinta, amma idan ta yi karo da amana, amana ce gaba.

Allah ya yi mana jagora.